An kawo min fom ɗin ƙungiyar furodusoshi, in cike ko in dakata?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Fim biyu na shirya, yanzu ina kan wani mai dogon zango. An kawo min fom ɗin ƙungiyar furodusoshi, ga kuɗin rajista ga na shekara-shekara. Damuwata ita ce, a fim ɗina na biyu wani gidan talabijin ya sa na sa hannu a takarda, sai daga baya na gane fim ɗin ya zama nasu har abada, ko a intanet ba ni da ikon ɗora shi. Shin ƙungiya na maganin irin wannan, ko taro ne kawai da ɗaukar hoto?

Wani dattijo a harkar:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Wannan ciwon naka shi ne ainihin aikinta, in har ta amsa sunanta. Dubi Birtaniya. A da ƙaramin kamfani zai yi wa BBC ko Channel 4 shiri, a biya shi ladan aikinsa, shirin ya zama na tashar. Ƙungiyarsu mai suna Pact, wadda aka kafa a 1991, ta yi ta faɗi-tashi har dokar sadarwa ta 2003 ta sa dole manyan tashoshi su zauna a tsara sharuɗɗa. Tun daga nan izinin haskawa tasha take saye, mallakar shirin ta tsaya hannun furodusa, ya kai shi kasuwar waje ya sake cin moriyarsa. Kai kuwa da ka shiga ofishin manaja kai kaɗai da fayil a hammata, ya san in ka ƙi sa hannu akwai wani zaune a benci yana jira.

Wani memba:
Baba ya yi gaskiya, amma a yi hattara. Ta Amurka da ake kira MPA a yau, manyan kamfanonin Hollywood ne suka kafa ta a 1922, suka ɗauko Will Hays daga gwamnati ya shugabance ta, don tsoron kada hukumomi su matsa musu da tace fina-finai. Suka yanka wa kansu ƙa'idoji, a 1968 aka koma rarraba fim bisa shekarun mai kallo. Manya suka kafa ta don kare kansu. Ka karɓi kundin tsarin mulkin taku ka duba: kowane kamfani ƙuri'a ɗaya gare shi, ko mai ƙwarin aljihu ke da magana?

Wata marubuciya:
Malam, kar ka haɗa ta da ƙungiyar ma'aikata fa. Ta masu ɗaukar aiki ce. A 2023 marubutan Hollywood sun yi kwana 148 suna yajin aiki, kuma AMPTP, wata ƙungiyar furodusoshin Amurka, ita suke ja da ita. Ranar da ka cike fom ɗin nan, mu masu rubutu mun zama abokan jayayyarka.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai. To me zan tambaye su kafin in biya?

Dattijon ya ƙara da cewa:
Ka ce su nuna maka samfurin yarjejeniyar da mambobinsu ke kai wa tashoshi, su kuma faɗa maka ko suna da lauyan da zai karanta maka takarda kafin ka sa hannu. In suka fara kame-kame, mayar da kuɗinka aljihu tukuna. Tsohuwar takardar nan ma ka tafi da ita, a duba ko an rubuta wa'adi a ciki.