Shok ɗin gaba na sabon mashin zai hau tsoho? Wanda ya gwada ya faɗa mana

Manomi, Ringim

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da tsohon mashin Honda CG125 na mahaifinmu, inji lafiya lau har yau. Shok ɗin gaba ne ya gaji. Fararen ƙarafan sun ci tsatsa sun yi ƙuraje, duk sil ɗin da aka saka ba a daɗewa sai mai ya fara tsiyaya. Maƙwabcina yana da shok na wani sabon mashin da aka daka ta baya, gaban bai taɓu ba, ya ce in ɗauka da rangwame. Kafin in zare kuɗi ina so in ji daga bakin waɗanda suka taɓa yin irin wannan haɗi. Damina ta ƙarato, kuma da shi nake kai taki gona.

Makaniki, Wudil

Wa alaikumus salam. Malam, kada ka bi sunan mashin ko shekararsa, awo za ka bi. Fara da kaurin farin ƙarfen. Na tsohon CG125 milimita 27 ne. Sababbin mashinan da ake kawo mini gareji, da yawa nakan tarar nasu 30 ne ko 31. Idan ba ka da abin awo, ɗauki sifana mai lamba 27 ka zura bakinta a jikin ƙarfen. A naka za ta shiga cif. Idan ta ƙi shiga a na maƙwabcinka, to ya fi naka kauri, kuma ba zai shiga ramin maƙalar da ke riƙe shi a wuyan mashin ba. Haka kuma yawancin sil akwai lambobi uku a jikinsa, ta farkon ita ce kaurin ƙarfen. Duk Juma'a, ranar kasuwarmu, sai an kawo mini shok a buhu an ce in ɗaura, mai shi bai auna komai ba, kuma wanda ya sayar masa ya riga ya kama hanyar garinsu.

Malamin makaranta, Gwaram

Ƙari a kan maganar Oga. Ni da takarda na auna nawa. Na yanko siririya na naɗe ƙarfen zagaye ɗaya, na yi alama da biro, na shimfiɗa a kan rula. Mai 27 zai ba ka kusan milimita 85, mai 30 kusan 94, mai 31 kuwa 97 da ɗan ɗoriya. Da ido ba za ka raba 30 da 31 ba, amma takarda za ta raba.

Ɗan acaɓa, Dambatta

Yallaɓai, ni abin da zan roƙe ka shi ne kada ka yarda a yi maka ciko. Lokacin da aka hana acaɓa a cikin birnin Kano a 2013 na sayi mashin a hannun wani da ya bar sana'ar. Tun ranar farko nake jin kan yana ɗan wasa idan na matse birkin gaba, na kai aka ɗaure wuya, bai daina ba. Wata Lahadi na ɗauko mutum da buhun gero daga kasuwa, muka faɗa wani rami, sai kan ya juya gefe guda taya tana kallon wani gefen. Allah ya tsare, a hankali muke tafiya. Da aka kwance sai ga gwangwanin madara an yanka an naɗe ƙarfen da shi, ashe shok ɗin ya yi wa maƙalar siranta aka cike gurbin. Wannan abu yana ci mini rai har yanzu, don wanda ya yi aikin ya san mutane za a ɗauka a kai. Akwai kuma masu kai maƙalar a rarake ramin don mai kauri ya shiga. Shi ma ban yarda da shi ba, naman ƙarfen da zai riƙe ka ne ake cinyewa.

Manomi, Ringim

Na gode ƙwarai. Na je da sifana da takarda, nawa 27, nasa 30. Amma ya ce zai ba ni gaban gaba ɗaya, har da maƙala da taya da birki. Oga na Wudil, hakan zai yiwu?

Makaniki, Wudil

Yana yiwuwa, na sha yi, kuma ya fi haɗa-haɗa lafiya. Sai dai awon ya koma wuya. Ka cire sandar wuyan naka ka jera da tasa. Tsawon ya zama ɗaya, ko kusa ƙwarai, yadda notin sama zai sami zaren da zai kama sosai. Sai boris: kofin da ke cikin firam ɗinka dole ya dace da mazaunin da ke jikin sandarsa. Idan sandar ta yi gajarta, a bar maganar. Kada wani ya ce zai yanka ya ƙara da walda, wannan wurin ba wurin walda ba ne. Bayan an ɗaura, ka juya kan har ƙarshe dama da hagu ka ga ko shok ɗin yana dukan tanki, don ɗan ƙarfen da ke tsayar da kai ba a wuri ɗaya yake a kowane mashin ba. Sauran ƙananan abubuwa, mazaunin makulli da kunnuwan fitila da mita, waɗannan ana yi musu dabara ba tare da hatsari ba, amma ka sa su a lissafin kuɗin aiki tun yanzu.

Dattijo, Kazaure

Ɗana, ni nawa ya hau, kauri ɗaya ne da tsohon. Abin da ya bambanta tsawo ne, sabon ya fi da kamar yatsu biyu. Gaban ya ɗaga, kan ya ƙara nauyi wajen shan kwana, idan na kafe shi a jak ɗin gefe sai ya kwanta fiye da da. Wayar birki da ta mita duk sun yi gajarta sai da aka sauya. A yashi na ji daɗinsa, ya fi miƙewa. Da gajere ne da ban karɓa ba, don na ga na wani yaro a garinmu, idan ya faɗa rami madigadi yana dukan ƙasan maƙala. Ka auna daga saman ƙarfen zuwa tsakiyar ramin da sandar taya ke shiga, duka biyun a ajiye a ƙasa babu nauyi a kansu.

Mai sayar da kayan gyara, Hadejia

Duk abin da aka faɗa haka yake, amma ba a taɓo wanda ya fi ba ni tsoro ba, wato birki. A mashin mai birkin dirom, farantin birkin yana da tsagi, ƙafar shok kuma tana da ɗan tudu da ke shiga tsagin. Shi kaɗai ke hana farantin bin taya idan ka matse. Idan tudun sabon shok bai zauna cikin tsagin tsohon faranti sosai ba, ranar da ka matse da ƙarfi farantin zai juya, ya naɗe waya, tayar gaba ta ƙulle. An kawo mini wani da hakan ta same shi a hanyar Kafin Hausa, ya zo neman sabon faranti hannu a ɗaure. Don haka idan za ka ɗauki shok, ɗauki tayarsa da farantinsa da sandar tayarsa da 'yan bututun da ke gefe da gefe, kada ka bar ko ɗaya. Sandar taya ma ba kauri ɗaya ba ce, akwai 10, akwai 12, akwai 15. Idan sabon mai birkin faifai ne kuwa, sai ka haɗa da hannun birkin da tukunyar mansa.

Amma Alhaji, tsakani da Allah, ko da yake ciniki nake nema, a matsayinka ni ba zan taɓa wuya ba. Ƙafafun shok ɗinka lafiyarsu ƙalau, fararen ƙarafan ne suka mutu. Ana sayar da su su kaɗai. Mashinan da aka ƙera a kan tsarin CG suna da yawa a ƙasar nan, don haka mai 27 ba ya gagara, in babu a nan akwai a Kano. Ka cire ɗaya ka zo da shi hannu, a jera a ga tsawo da zaren sama da ramukan ƙasa. Ka saka sabon sil da sabon mai, birkinka da tayarka suna nan yadda kamfani ya haɗa su.

Mai dakon kaya, Maigatari

Ni a nan na ɗan saɓa da Alhajin Hadejia. Ga mai hawa shi kaɗai, maganarsa ce. Amma mu da muke ɗora buhu biyu da akuya ranar Alhamis, siririn shok yana lanƙwasa, nawa sau da dama ana miƙar da shi yana komawa. Tunda aka sa mini gaba mai 30 gaba ɗaya, da tayarsa da birkinsa, ban sake zuwa wurin miƙarwa ba. Kai ma taki za ka ɗauka, ka duba nauyin da kake ɗorawa kafin ka yanke. Kuma tunda mashin ɗin maƙwabcinka hatsari ya yi, ko da ta baya ne, a zare ƙarafan a mirgina su a kan gilashi ko tebur mai santsi. Wanda ya lanƙwashe zai riƙa ɗagawa yana sauka. Idan akwai alamar karaya ko ƙarfen ya tattare, ba ya gyaruwa. Mai kuma a auna shi da sirinji, ƙafa biyu daidai wa daida, kuma a tambayi adadin na sabon shok ɗin, don ba lallai ya zo ɗaya da na tsohon ba.