Neman taimako kan gasar rawar mota da Voodoo a GTA San Andreas

Assalamu alaikum. Ina neman taimakon waɗanda suka san wasan bidiyo na GTA San Andreas, wanda kamfanin Rockstar ya fitar a shekarar 2004, domin na kwana huɗu ina fama da matsala guda.

Na samo motar Voodoo, wadda aka zana bisa siffar Chevrolet Impala ta 1960, mai dogon jiki da ke kusan taɓa ƙasa, kuma a ganina babu motar da ta kai ta kyau a birnin Los Santos na cikin wasan. Na kai ta garejin Loco Low Co. da ke unguwar Willowfield, na tabbatar tana da na'urar da ke ɗaga ta tana sauke ta, sannan na nufi tashar Unity domin shiga gasar da ake sa mota rawa bisa kiban da ke wucewa a allo.

Matsalar ita ce ina wasan a kan kwamfutar tafi-da-gidanka wadda ba ta da maɓallan lambobi na gefen dama, alhali da su ake sa motar rawa. Na sauya su zuwa haruffa, amma kiban da ke nuna kusurwa, waɗanda ke buƙatar danna maɓalli biyu a lokaci guda, ba sa karɓuwa, har abokin hamayya ya wuce ni da maki, kuɗin da na saka kuma su tafi.

Shin akwai tsarin maɓallan da ya fi dacewa, ko kuwa saurin hoton wasan ne ya kamata in rage? Na gode.