Shafina na sakamakon ƙwallo kai tsaye yana tsayawa duk Asabar, a taimaka

Ɗan_Fagge:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Na haɗa wani ɗan shafi mai nuna sakamakon wasa kai tsaye, Firimiyar Ingila da La Liga sai NPFL saboda Pillars. Da PHP da MySQL na yi shi, akan hostin ɗin haɗaka mai arha. Duk wanda ya buɗe, wayarsa tana tambayar sabar duk sakan 5, ita kuma sabar ta je ta tambayo API ɗin da nake biya, wato inda nake samo sakamakon wasannin. Sauran ranaku lafiya lau, amma Asabar da an take wasa sai komai ya tsaya cak, a gidan kallo an gama ihun gol har an zauna shafin nawa yana nan 0-0, wallahi abin na min ciwo. WebSocket zan koma, wato layin da ke zama a buɗe tsakanin waya da sabar kowa na tura wa kowa saƙo, ko sabar zan canza?

mai_kodin:
Wa'alaikumussalam. Malam kafin ka kashe kuɗi yi lissafi tukuna. A ce mutum 2000 ne a kai, kowa na tambaya duk sakan 5, buƙata 400 kenan a sakan ɗaya, kuma kowacce kana tura ta API ta ɗauko amsa iri ɗaya sak. Ai ko babbar sabar ka saya masu API ɗin ne za su tare ka, tunda suna da iyakar kira. Ka raba aikin biyu, ƙaramin shiri guda ɗaya tak shi ke zuwa API duk sakan 10 ko 15 ya rubuta sakamakon a ɗan fayil na JSON ko cikin Redis (ma'ajiyar bayanai mai sauri), su kuma masu kallo wannan kwafin kaɗai za su riƙa karantawa, kar wanda ya taɓa MySQL ana tsaka da wasa. Nginx, manhajar sabar da ke miƙa wa masu kallo shafi, miƙa ƙaramin fayil ba komai bane a wajensa. Sai dai cron, mai tada shiri a kan lokaci a sabar, ba ya sauka ƙasa da minti ɗaya, dan haka ka nemi ƙaramin VPS, wato sabar haya da kai kake juya ta, inda shirin zai zauna yana zagayawa.

Yar_Zinder:
Gaskiya ne. Ni dai ɗan'uwa kar ka yi gaggawar WebSocket, saƙonka hanya ɗaya yake bi, daga sabar zuwa waya, SSE, wato hanyar da sabar ke turo wa burauza saƙo da kanta, ya ishe ka kuma in netwok ya yanke burauza da kanta take sake haɗawa, wanda mu nan kullum cikinsa muke. Sannan ka tuna da masu Opera Mini, in an kunna matse data sosai a sabar Opera ake haɗa shafin a turo, baya sabunta kansa, to sakamakon ya fito cikin HTML ɗin tun farko ka sa musu maɓallin sabuntawa. Tambarin ƙungiyoyi ma ka rage nauyinsu dan Allah, datar mutane ce.

Baban_Sakkwato:
Wanda ya taɓa ƙona ni shine VAR. Na riƙa tura "a ƙara ɗaya" duk gol, ranar da aka soke wani sai wayoyi suka rabu, wasu 2-1 wasu 1-1, na sha zagi kuma sun fi ni gaskiya. Kullum ka tura cikakken sakamako da mintin wasa, ka rubuta lokacin da aka sabunta a ƙasa, mutum ya san ko tsoho yake gani.

Ɗan_Fagge:
Kai na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Wallahi lissafin 400 ɗin nan bai taɓa zuwa min ba. Oga mai_kodin, in ba wasa fa, shirin ya cigaba da kira haka?

mai_kodin:
A'a, da safe ka ɗauko jadawalin ranar sau ɗaya, ya fara kira minti 5 kafin a take, ya tsaya in an tashi wasan ƙarshe.