Wai meye yutrofikeshan a lissafin LCA?

Ɗan_Agege: Salam 'yan uwa, a kamfaninmu na tumatirin leda an ce mu yi LCA, wato lissafin illar kaya ga muhalli tun daga gona har bola. Na gane wajen hayaƙin kabon amma akwai wani layi wai yutrofikeshan, don Allah wa zai min bayani?

Injiniya_Ikorodu: Wslm. Ka san ciyawar nan da ke rufe ruwan Ikorodu har jirgin ruwa ya kasa wucewa, injin ya riƙa shaƙewa? To abinci ne ya mata yawa a ruwa, naitirojin da fosfaras daga taki da kashin dabbobi da ruwan kwata da wasu sabulan wanki, sai ita da gansakuka su yi ta haihuwa, in sun mutu sun ruɓe iskar oksijin ta ƙare kifi ya mutu, wannan shi ne yutrofikeshan. LCA tana auna nawa kayanku suka zuba na wannan abincin a ruwa. A cikin tsare-tsaren lissafin LCA akwai CML da ReCiPe, tsarin CML da kilon fosfet yake lissafi, ReCiPe kuma ya raba biyu, ruwan daɗi da kilon fosfaras, teku da kilon naitirojin.

Hajiya_Mile12: Yallaɓai ni dai ina ganin kasonku mafi yawa ba a Legas yake ba, yana can gonar da aka watsa wa yuriya da NPK ruwan ban-ruwa ya wanke. Ku fara tambayar manoman buhu nawa suke zubawa a hekta.

Ɗan_Agege: Na gode Hajiya, ashe sai na kira Kano kenan. Injiniya, ruwan wanke injinanmu fa, yana shiga lissafin?

Injiniya_Ikorodu: Sosai ma, ku kai shi lab a gwada kafin ya shiga kwata.