Ƙosai Goma a Leda

Baba Mai Ƙararrawa:
Salama a gare ku, 'yan'uwa. Jiya aka karanta mana Matiyu 25, inda Ubangiji ya ce abin da aka yi wa mafi ƙanƙanta cikin 'yan'uwansa, shi aka yi wa. Maganar ta hana ni barci. Ga baitocina, a amsa da ƙafiyar "wa".

Mun rera waƙa, mun kaɗa ganga,
Farantin baiko yana ta cikawa.
Na fito ƙofa, ga wata zaune,
Goyonta na kuka saboda yunwa.
Na ce da raina, ina Almasihu?
Yana ciki, ko nan da ba mai dubawa?

Ɗan Wusasa:
Baba, a gafarce ni, ina da magana.

Abin da ka faɗa, Baba, gaskiya ne,
Sai dai aljihu ya daɗe da bushewa.
Albashi bai kai rabin wata ba,
Mudun masara kullum yana hawa.
Wanda tukunyarsa ba ta tafasa,
Me zai ɗiba ya miƙa wa kowa?

Inna 'Yar Mubi:
Ɗana, matso kusa. A ƙarshen Oktoban 2014 Boko Haram suka shiga Mubi. Ina cikin waɗanda suka gudu.

Mun fita da ƙafa, babu ko takalmi,
Dare da rana muna ratsa dawa.
Muka iso Yola, ba dangi, ba sani,
Majami'ar Saint Theresa ta zame mana inuwa.
Wata mai ƙosai a bakin titi,
Kasko guda ne abin dogarawa.
Ta dubi yarana, ba ta ce komai ba,
Ta ƙirga goma tana ƙunshewa.
Na ce, "Uwa, ai ba ni da sisi."
Ta ce, "Wa ya ce miki na sayarwa?"
Ta cire mayafin da ke kafaɗarta,
Ta lulluɓe 'yata da ke karkarwa.
Har yau ban san sunanta ba, ɗana,
Amma duk asuba ina ambatawa.
Na sha wa'azi tun ina budurwa,
Ranar na gan shi yana soyuwa.

Malamar Makarantar Lahadi:
Inna, kin sa ni hawaye. Abin da nake koya wa yara ke nan, ke kuwa kin gani da idonki.

Masu kuɗi sun zuba da yawa,
Anini biyu ne ya fi, na gwauruwa.
Ta Zarefat da ɗan garinta a tulu
Ta toya wa Iliya, bai zo ƙarewa.
Tabita a Yafa allura ce tata,
Riguna ta ɗinka tana rabawa.

Yaya Mai Keken Ɗinki:
Ku bari in ƙara a kan ta Inna. A 2021 Bishop Stephen Mamza na Yola ya buɗe gidaje 86 da ya gina wa 'yan gudun hijira, da majami'a, har da masallaci domin Musulmin da ke cikinsu. Wasu sun yi gunaguni. Ni dai ina bayansa.

Harsashi bai tambayi sunan kowa ba,
Tare muka gudu, tare muka sha ƙishirwa.
In ka ba maƙwabci wurin da zai kwanta,
Kar ka hana shi wurin durƙusawa.

Ɗan Wusasa:
Inna, na ji. Kuɗi dai har yanzu babu, amma ina da babur.

Akwai wani tsoho a bayan gidanmu,
Ƙafarsa ta kumbura, ba ya takawa.
'Ya'yansa na Legas, ƙofarsa a rufe,
Wata uku ke nan ina wucewa.
Gobe da sassafe zan ƙwanƙwasa masa,
In ɗora shi a baya, asibiti za mu zuwa.
Randarsa ma na san ta bushe,
Kafin mu tafi zan cika ta da ruwa.

Inna 'Yar Mubi:
Allah ya yi maka albarka, ɗana. Ka tafi masa da koko mai zafi, kada ya hau layin asibiti da cikinsa wayam.