Musayar Waƙa: Pak Hon-yong, Ɗan Gurguzun Koriya

Malam Na-Tsangaya:
Jama'a, yau Pak Hon-yong za mu yi wa baiti. Bismillah, na buɗe.

A Yesan ta Koriya aka haife shi, shekarar 1900,
Yana ɗan goma Japan ta haɗiye musu ƙasa.
A 1925 suka kafa jam'iyyar gurguzu a ɓoye a Seoul,
Shekarar ba ta fita ba ankwa ta hau hannunsa.

Inna Mai Alƙalami:
Malam, ka wuce wurin da ya fi taɓa ni.

Haukan ƙarya ya yi har aka ba da belinsa,
Ya tsere Rasha da matarsa, ga tsohon ciki.
A Shanghai, 1933, Japanawa suka sake cafke shi,
Shekara shida a ɗaure, bai ce ya bar aiki.
Da ya fito ya ɓuya Gwangju da sunan aro,
Lebura a gidan bulo, laka har gwiwa, gumi a jiki.
Har Japan ta faɗi a 1945 yana can,
Sannan ya shiga Seoul ana murna ana biki.

Yaya Mai Gaskiya:
Inna, ki yi haƙuri, ba zan yi shiru ba.

Wahalarsa gaskiya ce, ban musa ba,
Amma a 1950 wa ya bi jagoran Koriya ta Arewa, Kim Il Sung, neman izinin yaƙi gaban shugaban Rasha Stalin?
Wa ya ce mutum 200,000 a Koriya ta Kudu za su tashi?
Yaƙi ya zo, ba su tashi ba, ina dalilin?
Shekara uku wuta na ci, miliyoyi sun halaka,
Uwar da ta binne ɗanta, wa zai share mata hawayen?

Inna Mai Alƙalami:
Wannan alkawari nauyinsa na wuyansa, na yarda,
Amma ɗana, dubi abin da aka laƙa masa.
Ministan harkokin wajen Koriya ta Arewa tun 1948,
Aka ce ɗan leƙen asirin Amurka ne, ka ji fa masa!
Amurkar da a 1946 ta ba da sammacin kama shi,
Har ya gudu Arewa don ya tsira da ransa.

Malam Na-Tsangaya:
A 1953 gwamnatin Kim ta kama shi da mutanensa na Kudu,
Ran 15 ga Disamba 1955 aka yanke masa kisa.
Wanda suka je Mosko tare bai amsa tambayar kowa ba,
Har 1994 Kim Il Sung ke riƙe da ƙasa.