An dakatar da ɗana daga babbar tawagar makaranta a Texas, ina mafita?

Baban Yara, Houston:
Assalamu alaikum 'yan uwa. A watan Agusta muka tashi muka koma wata unguwa da ta fi kusa da wurin aikina. Ɗana yana aji 11, shekara biyu yana tsaron raga a tsohuwar makarantarsa. Jiya ya dawo ya jefar da safar hannunsa a bakin ƙofa, ko abinci bai taɓa ba. Wai koci ya ce ba zai sa shi a babbar tawaga ba sai an cika ƙa'idar UIL, kuma akwai fom ɗin da tsohon kocinsa zai sa wa hannu. Ga Janairu ya matso, lokacin fara wasanni. Ni a Zariya na yi sakandare, in ka iya ƙwallo malamin wasanni ya miƙa maka riga, shi ke nan. Wace ce UIL, kuma ina ruwanta da tashin gida?

Maman Biyu, Dallas:
Wa alaikumus salam. Malam, ka kwantar da hankalinka, mu ma mun bi ta nan. UIL tana ƙarƙashin Jami'ar Texas da ke Austin tun 1910, ita ke tsara gasar makarantun gwamnati a faɗin jihar, har da muhawara da kaɗe-kaɗe. Abin da take gudu shi ne yaro ya sauya makaranta saboda wasa kawai, ko wani koci ya zuga shi. In aka tabbatar da haka, shekara guda ba zai buga wa babbar tawaga ba. Fom ɗin tambayar da yake yi wa tsohuwar makaranta ke nan: don ƙwallo ya tafi? Kwamitin gunduma na UIL ne ke duba maganar. Ka haɗa sabuwar takardar haya da ta kuɗin wuta, da shaidar cewa duk iyalin kun bar tsohon gidan. Kada ka aika yaro, ka je da ƙafarka.

Bakatsine, Arlington:
Hajiya ta gama magana. Sai dai ka sa ido kan karatunsa. Tun 1984 doka ce a Texas, wanda ya gaza maki 70 ko a darasi ɗaya ne, sai ya zauna ba wasa; da farko mako shida ne, daga baya aka mayar da shi mako uku. Ni ina goyon bayan wannan ɗari bisa ɗari. Masu kawo yara daga gida kuma su lura da shekaru: wanda ya cika 19 a ranar 1 ga Satumba ko kafin nan ya fita. Ka kuma tambayi rukunin makarantar, daga 1A zuwa 6A ne gwargwadon yawan ɗalibai, ana sake rabon duk shekara biyu. In 6A ce, masu neman ragar nan za su yi yawa.

Baban Yara, Houston:
Allah Ya saka da alheri. 6A ce. Na ɗauki hutun safiyar Litinin, takardun suna cikin mota. Hajiya, naku kwana nawa ya ɗauka kafin a amince?